Sunan da Rahila Ta Daina Nema

A Malali aka haifi Rahila Luka, 'yar wani malamin firamare daga kudancin Kaduna. Tun tana ƙarama ba ta katse mutum idan yana magana. Da ta girma sai ta karanci aikin ba da shawara ga masu damuwa, aka ba ta ɗan ɗaki a wani asibiti a Unguwar Rimi, kujera biyu da fanka.

Nan aka kawo mata Hajiya Safara'u. Ɗanta na fari, Kabir, ya rasu a hatsarin mota, ita kuwa ko ranar jana'iza ba a ga hawayenta ba. Abinci kawai ta daina ci, ta rame har mai gidanta ya tsorata.

A makaranta an koya wa Rahila cewa mai makoki yakan samu sauƙi idan ya ambaci mamacinsa. Sai ta ce, "Mama, ki faɗi sunansa. Ki ce Kabir."

Hajiya ta gyara mayafi. "'Yar nan, ina ƙofar fita?"

Rahila ta zauna ita kaɗai, fanka na juyawa. Can ta tuna maƙwabciyarsu ta Malali, wadda ba ta taɓa kiran babban ɗanta da suna ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ke nan. Ta san da ita tun da can, karatu ne ya rufe mata ido.

Ta bi Hajiya har gida, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, yaron nan, me ya fi so a dafa masa?"

Hajiya ta ce, "Dambun zogale. Ba na ba shi da hannuna. Ƙanwarsa nake aikawa, in ce ragowa ce."

"Ragowa, kwano cike?"

"Har da man gyaɗa a sama," in ji Hajiya. Dariya ta ƙwace mata, dariyar ta zarce kuka, Rahila ba ta ce mata ta yi haƙuri ba.

Da la'asar aka turara dambu a gidan. Hajiya ta ci, ta nemi ƙari.

Yanzu Hajiya da kanta take tura matan unguwa ɗakin mai kujera biyu. Takan ce musu, "Ku je wajen 'yar nan. Ba ta tambayar suna."