Babban Yatsan Clarrie Bester

Kafin raɓa ta bushe a bayan tumakin garin Bothwell, Clarrie Bester ya buɗe rumfarsa, ya ɗora butar shayi, ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur. Nan ake kawo masa bindigogin kakanni, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Kowace da labarinta, rabinsa ƙarya.

Shi ba ya farawa da labari. Sai ya juya bakin bindigar ga tarin ƙasa, ya zura sandar ɗuri har ta tsaya, ya dafe wurin da babban yatsa, ya zaro, ya gwada ta a bayan bututun. In sanda ba ta kai gindi ba, to akwai abu a ciki. Haka mutanen da suke: su ɗura, su rataye saboda karnukan da ke kashe tumaki, su mutu ba su gaya wa kowa ba. Sai ya gama wannan yake shafa hatimin maƙera, ya leƙa tsatsa, ya ce wannan za ta iya farauta, waccan kuwa ta bango ce har abada.

Wata rana ina zaune a rumfar, a gabana Noeline Pybus, matar marigayi Athol, ta kawo ta kakan mijinta, wadda tun aurenta take rataye bisa murhu. Mazan 'ya'yanta sun shirya sa wa bindigar sabon dutsen ƙyastu ranar Kirsimeti, su ja kunama a falo, a ga tartsatsi a yi dariya.

"Goge mini ita kawai, Clarrie. Kada ka fara wa'azin nan naka."

"Wa ya ce miki babu komai a ciki?"

"Athol mana."

"Athol ɗin da ya ce miki ya daina giya?"

Ta yi dariya. Clarrie ya zura sandar, ta tsaya da saura. Dariyar ta ɗauke. A hankali ya zaro dalma, ya zaro tsumma, ya zazzage baƙin garin albarushi. Ya ɗibi kaɗan ya zuba a kan dutse, ya ƙyasta ashana. Fuu! Noeline ta nemi bokiti ta zauna a kai.

Kai ne, Clarrie, wanda ba a yi wa godiya, domin abin da ka hana bai faru ba, ba wanda ya gani. Kai ne mai gaya wa mutum gaskiyar gadonsa ko zai fita yana zaginka.

Yanzu idonsa ya tafi. Likitan birnin Hobart ya ce ba gyara. Ba makantar ce ke hana shi sukuni ba. Ya san gidajen kwarin nan ɗaya bayan ɗaya, ya san bangon da har yau ba a kawo masa abin da ke jikinsa ba. Don haka ya sa aka yi shela zai koyar kyauta a zauren gari ranar Asabar. Da kansa ya jera kujeru. Noeline ta gasa kek. Mun zo: ni, da ita, da karensa. Sauran suna filin ƙwallo.

Da shayi ya huce na ce, "To koya mini ni."

"Kai? Hannunka ko cokali ba ya riƙewa, tsoho. Kuma za ka riga ni tafiya."

Na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Bai yi dariya ba. Ya tashi yana laluben kujerun, yana naɗewa.

Na gode maka, Clarrie, a madadin waɗanda suke raye ba su san dalili ba. Ba na sa ran wani zai gaje ka, na daina yaudarar kaina. Amma ku da kuka fi son ƙwallo, ku ji. Aikin nan ba ya bukatar boko. Sanda ce da yatsa da haƙuri. In koyo ya fi ƙarfinku, ku sauke abin da ke bangonku, ku juya bakinsa ƙasa, ku kai wa Clarrie. Ido ya tafi, yatsan yana nan. Ran da aka binne shi da yatsan nan, albarushin kakanninku zai ci gaba da jira a saman kawunan jikokinku.