Zangarniyar Fari ta Maman

Maman malamin gona ne, kuma duk ƙasar Madarunfa ba wanda bai san ƙarar tsohon motonsa mai ƙafa biyu ba. Shekara ashirin yana bin ƙauyuka yana koya wa mutane tazarar shuka da barin tohon itace in ana sassabe. Mutum ne mai gaggawa, ko sallama ba ya bari ta ƙare.

A wani ƙauyen Azna masu addinin gargajiya, bayan garin Gabi, ya gamu da gamonsa. Shekara uku ruwa yana ɗaukewa hatsinsu bai nuna ba, rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye. Maman ya kawo musu iri mai kwana saba'in na poroje, wato shirin tallafin noma, ya lallashe su har suka shuka. Kai, hatsi ya yi! Ya nuna tun na maƙwabta yana bununi.

Amma ba wanda ya ɗauki wuƙa. Tsoho Kabo, mai gidan ƙauyen, ya ce masu daji ne ke cin tumun fari, kuma watan zuwansu bai kama ba. Ga tsuntsaye suna sauka garke garke. Ran Maman ya ɓaci.

"Haba Baba! Ku zauna da yunwa kuna jiran waɗanda ba a gani?"

Ya shiga gona da tsakar rana, ya yanke zangarniya ɗaya, ya ɗaga ta sama. Take tsuntsayen suka yi tsit. Ba tashi suka yi ba, suna nan bisa kara, shiru kawai. Mata suka durƙusa. Maman ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Kabo ya dube shi ya ce, "To, ɗana, ka ci rabonsu, ka hau gurbinsu." Ranar aka yi girbi, rumbuna suka cika.

Maman ya yi a'uzubillahi, ya ɗauka magana ta wuce. Ina! Da wata damina ta zagayo masassara ta kwantar da shi kwana tara. Ko da ya isa ƙauyen, sai ya tarar da hatsi tsaye, tsuntsu ya cinye rabi, mutane zaune bakin gona suna kallon hanya. Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa shi ɗan Adam ne, ga katinsa na aiki. Suka miƙa masa wuƙa.

Tun daga nan bai sake latti ba. An ba shi canji zuwa Maradi, ya ƙi. Poroje ya ƙare, moto ya mutu, yanzu amalanken jaki yake hawa, gwiwa tana ciwo. Abincin gida arba'in yana rataye a wuyansa, wa zai iya barci?

Bara, bayan ya yanke ta fari, ya zauna kusa da Kabo, wanda ido ya riga ya tafi.

"Baba, na tsufa. Ku zaɓi wani. In na mutu fa, wa zai yanke muku?"

Tsohon ya yi dariya a hankali, ya lalubo hannun Maman ya riƙe.

"Masu dajin ma da can mutane ne, ɗana. Ba su taɓa fashin zuwa ba. Kai ma za ka riƙa zuwa."