Wasan Taubashin da Ya Ci Idon Ɗan Azumi

Matso nan inuwa ka zauna, ke ma ajiye tsintar waken nan tukuna, zan ba ku labarin Ɗan Azumi mai haɗa wuta, na gangaren tafki a Madarumfa. In kun taɓa bi ta bakin kasuwa kuka ga wani dogon mutum da baƙin tabarau zaune gaban shago yana laluben wayoyi da yatsa, to shi ne. Ba don ado yake sa tabarau ɗin ba.

Sunansa yakan rikita baƙo, domin Ɗan Azumi Kirista ne. Kakansa bai yi salla ba, irin mutanen da ake ce wa anna ne, ya bar 'ya'ya biyu, namiji da mace. Namijin ya kamu da kuturta yana saurayi, aka kai shi asibitin mishan, ya dawo da sauran yatsunsa da sabon addini. Macen, Hasiya, ta auri wani manomi musulmi a wani ƙauye hayin tafki, ta musulunta. Zumunci dai bai yanke ba. Ranar da aka haifa wa namijin ɗa, azumi ya kwana goma, Hasiya ce ta yanke masa cibiya. Ta ce su kai shi majami'a su raɗa masa abin da suka ga dama, ita Ɗan Azumi za ta kira shi. Sunan majami'ar ya ɓace, nata ya zauna.

Goggo Hasiya tana da ɗa guda, Abdul Aziz. Ɗan mace da ɗan namiji, kun ga taubasai ke nan, kuma ban taɓa ganin taubasan da suka riƙe wasa kamar waɗannan biyu ba. Abdul Aziz ba ya kiransa da komai sai bawana, ko jikan anna, ya cire masa hula a tsakiyar kasuwa ya ce sai ya fanshe ta da tsire. Shi kuma Ɗan Azumi ya raɗa masa Malam Ci-da-rana, wai ya sha kama shi bayan rumbu yana kurɓar fura da azumi. Wanda bai san su ba sai ya zaci dambe za a yi. Mu da muka san su, dariya kawai muke sha.

A Maradi ya koyi haɗa wuta. Da fanno mai aiki da hasken rana ya yawaita a ƙauyuka, sai hannunsa ya yi suna, daga Safo har Ɗan Issa ana aiko masa. Yana da wata al'ada ta aiki. Ba ya barin gida ya ce a gwada in rana ta faɗi. Da tsakar rana zai sa a rufe ƙofa da taga, ya toshe duk wata kafa da buhu, har ɗaki ya yi baƙi ƙirin ba ka ganin tafin hannunka. Sannan ya danna makunni, ampul, wato ƙwan fitila, ya kama, ya ce: «Masu zama cikin duhu, ga haske ya iske ku.»

A bakin ubansa ya tsinci maganar. Tsohon yakan ce a littafin addininsu haske ne abin da Allah ya fara kira, kuma duhun da ake nufi a can ba na faɗuwar rana kaɗai ba ne. Tsoro duhu ne, ƙiyayya duhu ce, haka ma abin da mutum ya aikata ya ɓoye. Kansa yake nufi in ya faɗa, da shekarun da ya yi ba mai son haɗa kwano da shi. Ɗan ya ɗauko maganar ya mai da ita bismillar aikinsa. A gidaje nawa ya faɗe ta? Mata su yi guɗa, tsofaffi su ce amin, ba wanda ya taɓa jin ciwo.

To, shekarar da abin ya faru, ƙasar ba ta zaune lafiya. 'Yan bindiga suna ƙetaro iyaka su kore shanu su ɗauki mutane, kowane magidanci yana ajiye gora da adda kusa da hannu, kuma kowa na zargin kowa. A cikin haka wani ɗan kasuwa ya ba masallacin ƙauyen su Goggo Hasiya kyautar fanno da batir. Abdul Aziz ya ce ba mai haɗa shi sai bawansa. Liman, dattijo mai sanyin hali, ya amince. Ɗan Azumi ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi aikinsa, ya sa aka rufe ko'ina, ya danna, ya faɗi maganarsa. Liman ya yi hamdala, aka fito ana ta sa albarka.

Ashe Abdul Aziz ya ɗauki abin a wayarsa. Don tsokana, ya ɗora muryarsa a kai, ya tura wa 'yan uwa a zaurensu na waya, yana cewa su zo su ji jikan anna a cikin masallaci yana cewa musulmi na cikin duhu, a kama masa bawan nan a ɗaure, ya ƙare maganar da dariya. 'Yan uwa suka yi dariya. Sai ɗaya ya tura wa abokinsa, abokin ya tura gaba, a hanya dariyar ƙarshen ta guntule. Wanda ya ji a can nesa bai san taubashi ne ke magana ba. Kuma kun san nauyin kalmar a wurinmu. Ka ce wa mutum yana cikin duhu, ka ce masa jahili, wanda addini bai iso ba. Balle a ce jikan anna ne ya faɗa wa masu salla, a ɗakin Allah. Kafin kwana huɗu labarin ya yi 'ya'ya: wai da takalmi ya shiga, wai ya rufe ƙofa ne don ya binne wani abu ƙarƙashin tabarma.

Rahila, matar Ɗan Azumi, ta jiyo ƙishin-ƙishin a bakin famfo. Ta roƙe shi kada ya koma ƙauyen, tun da ya ce akwai wayar da zai ɗaure a kan rufin. Ya yi dariya ya ce ai shirmen Ci-da-rana ne, wa zai taɓa shi a garin goggonsa? Ya hau babur ya tafi da hantsi. Bai tuna ranar kasuwar ƙauyen ba ce, ranar da baƙi suka fi 'yan gari yawa.

Yana bisa tsani, jingine da bangon masallaci, dutse na farko ya same shi a kafaɗa. Ya waiwaya ya ga mutane sun fi hamsin, wasu na tahowa da gudu daga rumfuna. Kafin ya sauko aka fizge tsanin. Ya faɗo ta gefe, haƙarƙarinsa ya daki gefen dakali, ya ji abu ya yi ƙaras a ciki. Suka ja shi ta ƙafa zuwa fili, kansa na dukan ƙasa. Gora ta sauka a bayansa, ta sauka a gwiwa, wani ya tattake masa yatsun hannu da takalmin roba har farce ya fita.

Wani ƙato da ba ɗan garin ba ya tsai da su, ya durƙusa ya kanga masa waya a kunne, ya tambaye shi ko muryarsa ce. Ya ce tasa ce.

«To hwaɗa muna, wa ke cikin duhun?»

Da ya ce ɗakin yake nufi, wataƙila da an tsaya nan, Allah ne masani. Amma mutumin ba ya iya rabin magana. Ya tofar da jini ya ce: «Ni ne na farko. Ni, da kai, da duk mai rai.»

«Da kai» ɗin kaɗai suka ji. Ƙaton ya kifa masa mari da bayan hannu, sauran suka rufe shi. Yana ƙoƙarin bayani, wai ba musulmi yake nufi ba, maganar ubansa ce, amma wa ke saurare? Haƙori biyu suka zube a ƙasa.

Abdul Aziz yana gona aka kai masa labari. Ya iso ba hula ba takalmi, yana kutsawa yana rantsuwa cewa shi ya yi muryar, wasa ne, taubashinsa ne, ɗan kawunsa ne. 'Yan garin da suka san haka suka fara ja da baya, suna kallon ƙasa. Baƙin suka ce ba a wasa da addini, in shi ya kawo kafiri masallaci to shi ma nasa ne. Ya miƙa hannu zai kare kan ɗan uwansa, taɓarya ta sauka a kan damtsen, ƙashi ya karye ya turo fata. Ya faɗi yana kiran sunan Allah, aka ture shi gefe da ƙafa.

A nan ne wani ya shiga masallacin ya ciro batir ɗin. Ɗan Azumi yana kwance rigingine, ya ga mutumin ya tsaya a kansa yana kwance murfin. Ya san shi. Ba baƙo ba ne, Ɗan Azumin ne ya haɗa masa wutar gidansa a bara, har ya sha furar matarsa. Suka haɗa ido, mutumin ya karkata batir ɗin ya tuttula masa ruwan a fuska. Ihun da ya yi, masu awon gero a can ƙarshen kasuwa sun ce sun ji shi. Fatar goshinsa ta yi fari ta tattare, yana birgima yana cusa fuska cikin rairayi.

Ba su ƙoshi ba. Aka mirgino tsohuwar taya, aka zare tiyon babur ɗinsa aka tsiyayo mai a gwangwani, aka kwara masa tun daga wuya har ƙafa. Ana ta tambayar wa ke da ashana.

Goggo Hasiya tana suyar ƙuli-ƙuli a lokacin, ta haura saba'in, ƙafa ɗaya ba ta taka ta sosai. Ba wanda ya ga ta inda ta ratso. Sai ganinta aka yi ta tuɓe ɗankwali ta yar, furfura a waje, ta kwanta a kansa rub da ciki ta rungume shi, man ya jiƙa mata zane. Ba ta ɗaga murya ba.

«Mai ashana shi ƙyasta. Ni na yanke mishi cibiya, ni ka tahiya da shi.»

Rabin 'yan garin da ke tsaye ita ta karɓi haihuwarsu. Sai ga liman ya iso yana haki, ya tsaya a gabansu ya rantse cewa yana cikin masallacin ranar, da kunnensa ya ji, kuma shi ya fara cewa alhamdu lillahi, in laifi ne a fara da shi. Ƙaton baƙon ya yi ta surutu, amma ba wanda ya miƙa masa ashana. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, wasu har da komawa rumfa su ci gaba da ciniki. Mata suka kawo tulu suna kwara masa ruwa a ido. A amalanken jaki aka fitar da taubasan biyu zuwa bakin hanya, suna kwance kafaɗa da kafaɗa, kafin motar jandarma ta iso.

Ɗan Azumi ya rayu. Wata biyu ya yi a asibiti a Maradi. Idon dama ya tafi ɗungum, na hagu kuma ba ya rarrabe fuska, sai dai ya san an kunna fitila ko an kashe. Ba ya hawa rufi yanzu. Rediyo da tocila yake gyarawa da lalube, wayar ja da baƙa Rahila ke ware masa tun da safe, ta ɗaura wa jar zare. Abdul Aziz da kansa ya kai kansa wurin jandarma da hannu a ɗaure, ya faɗi abin da ya yi, suka riƙe shi kwanaki suka sake shi. An kama ƙaton baƙon da wasu mutum uku.

Saura wanda ya zuba ruwan batir. A cikin turmutsutsin ba wanda ya yarda ya gan shi, kuma mutum ɗaya ne ya san shi tabbas. Sau uku jandarma suna zuwa, sau uku Ɗan Azumi yana ce musu ba shi da sunan da zai ba su. Mutumin yana nan yana yawonsa. Ranar kasuwa yakan bi ta gaban shagon, wani lokaci har ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, Ɗan Azumi ya amsa masa.

Wannan ne abin da ya hana gidan zaman lafiya har yau. Rahila ta ce littafinsu ya koya musu mai mugun aiki duhu yake nema ya ɓuya, kuma aikin haske ne ya tone shi. Mijinta, in ji ta, ya zama bargon da mugu ya lulluɓa da shi, gobe in mutumin ya ƙona wani, da hannun Ɗan Azumi a ciki. Shi kuma ya ce littafin nan dai ya koya musu wanda ya riƙe ɗan uwansa da ƙiyayya shi ne ke tafiya a duhu, ko idonsa biyu garau. Ya ce ya auna zuciyarsa, ya tarar ranar da zai faɗi sunan ba don gaskiya zai faɗa ba, don ya ji daɗin wahalar mutumin ne, da ta 'ya'yansa shida. In ta ce to ya faɗa mata ita kaɗai, sai ya ce ta miƙo masa sukuddireba.

Sun kai maganar gaban fastonsu, ya saurare su har la'asar, ya yi musu addu'a, ya sallame su ba tare da ya ba kowa gaskiya ba. To ku da kuka ji, in ku ne aka kawo wa, wa za ku ce ya kamata ya bi maganar ɗayan, matar ko mijin?