Aljihun da Inna ta ɗinke

Jiya a kasuwar Dakoro na kai hannu aljihun rigata, hannu ya ƙi shiga. Ashe bakin aljihun Inna ta ɗinke, ta bar yagar da ke ƙasa.

Na yi dariya, sannan na fahimci dalili. Ita ke mana ɗinki tun muna yara. Idonta ne ya fara rauni, kuma ba ta so a sani.

Da na koma gida ban nuna mata ba. Na zauna bakin tabarmarta na ce, "Inna, koya mini ɗinki mana. In na tafi ci-rani, wa zai kama mini wando?"

Ta ce, "Da yatsun nan naka kamar rogo?"

Amma ta zaro allura daga kallabinta, ta jawo wani tsohon ƙyalle. Ni na zura zare, ita ta dafa hannuna: soka nan, ja sannu, kar ka tattare.

Da muka gama ta shafa ɗinkin, ta ce, "Ya yi. To, tuɓe rigar nan ka warware aljihun. Kana fita na gane."

Yanzu ni ke ɗinki, ita ke dubawa da yatsa. Ku fa, wa ya fara riƙa muku allura?