Farar ƙasa a bangon buro

Har gobe ban manta da ranar da ruwan farko ya sauka a Gazawa bayan farin bara waccan ba. A lokacin ina da shekara goma sha biyar, kuma ni ne mai rubutun bango na jam'iyyar yankinmu, don duk garin babu mai zana haruffa kamar ni.

Tun kafin a haife ni, bangon buron jam'iyya, wato ofishinta, yana ɗauke da rubutu da jan fentin mai: ƘASA TA MASU NOMA CE. Da fari ya yi tsanani, hatsi ya koma hannun 'yan kasuwar da kakanninsu suka zo daga kudu, makiyaya kuma suka taru kusa da rijiyoyin gari da katin zaɓensu. Sai umurni ya zo daga Maraɗi cewa yanzu kowa namu ne.

Sakataren reshe, wato mai riƙe da buro, ya kira ni. Ya ce in shafe tsohon, in rubuta KOWA ƊAN GIDA NE kafin Ardo Bello, shugaban makiyayan Gangara, ya zo taro. In Ardo ya juya wa jam'iyya baya, ni da Sakatare duk mun bar aiki.

A ƙa'ida, kankarewa ake yi, a sa fentin mai. Amma Sakatare ya miƙo mini farar ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ko ƙaron da zai riƙe ta babu? Atishawa ma sai ta wanke wannan."

"Kai yaro, yaushe rabon da ka ga ruwa? Shafa. Wa ya san abin da za su ce baɗi?"

Ranar taro, Sakatare yana tsakiyar jawabi, hadari ya haɗo. Jama'a na murna, ni ina kallon aikina yana gangarowa kamar kunu. Jan rubutun ya fito fes, ya fi na da kyau. Sakatare ya buɗe babbar rigarsa yana tare bango, mutum ɗaya da haruffa goma sha shida.

Ardo ya ce, "Malam Sakatare, sauke hannu. Shekara nawa muna wucewa nan da shanu, muna karanta shi. Kai ɗana, fentin mai ya ƙare ne?"

Na kalli Sakatare. Ya ce, "Gobe za a sayo."

"To gobe sai mu dawo."

Kwana biyu na yi ina kankare jan nan, na rubuta sabon da fentin mai. Ardo ya dawo ya murza sabon da yatsa kafin ya zauna.

Ku sababbin zuwa wannan sana'a, in ɗan siyasa ya kawo aiki, kar ku tsaya kan kalmomin. Ku tambaye shi da wane fenti.