Haniff Juman, Mai Ƙaho da Buhun Shara

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, babu mai tsallake wannan. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, ina wanke kwanukan karnuka a bayan gida sai ga Boysie, abokin farautarmu, ya tsaya a bakin shinge ya yi shiru. Boysie ba ya shiru ko a coci, don haka tun kafin ya cire hula na san ba lafiya ba. Ya ce, "Shaffick, ajiye kwanon nan. Haniff ya tafi." Haniff, a gonarka ta koko aka same ka, ka jingina da bishiya, adda a hannu. Saura 'yan makonni a buɗe farauta.

Haniff, ɗan gwaggona, tun rasuwarka mutanen garinmu Rio Claro suke ta yabonka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni ma zan yabe ka. Amma ka san ni, ba zan yi shi da murya mai zaƙi ba. Na yi kishinka tun muna da baƙin gashi, kuma mutuwarka ba ta warkar da ni ba.

Kan ƙaho ne, ka sani. Ƙahon sa ne tsoho, na mahaifina, wanda a sansaninmu na bakin kogi, cikin dajin gwamnati, mai riƙe da shi ne shugaba. Shi ke busawa a saki karnuka, shi ke busawa su dawo, shi ke raba nama, kuma shi ne na ƙarshe da ke barin sansani. Na taso ina ganinsa a wuyan Baba, ban taɓa shakkar wuyan da zai koma ba. Ni ne ɗa. Ni ne kuma wanda ba ya kuskure barewa ko tana tsalle.

A shekarar da gwiwoyin Baba suka gaza, ranar rufe farauta, mun ci gwaza da naman aguti, wata dabbar dajinmu mai kama da gafiya, mun ƙoshi, sai ya miƙo mini bindigarsa. Na ji daɗi, na gyara tsayuwa ina jiran sauran. Ya cire ƙahon daga wuyansa, ya duba hagu ya duba dama. Kai kana can ƙasa a bakin ruwa, a sunkuye, kana tsintar gwangwanayen kifin da wasu mafarauta suka watsar. Tsohon nan ya tsaya da ƙaho a hannu yana jiranka har ka hau tudu da buhunka. Ka ce, "Mamu," wato kawu a bakinmu, "ni? Ga Shaffick a tsaye." Ya ce, "Shaffick ya iya kashewa. Kai ka iya barin wuri." Kowa ya yi dariya, har da ni, amma har muka iso gida ban san me na taka ba.

Wannan buhun ya shiga tsakanina da kai fiye da ƙahon. Kowane mafarauci da buhu ɗaya yake shiga daji, na nama. Kai biyu kake ɗauka. Kwalaben giyar da 'yan wasu sansanoni suka sha, ledoji, robar ruwa, batir ɗin tocila, tsohon takalmi, duk sai ka kwashe. Boysie yakan ce, "Alhaji mai shara, yau me ka harbo mana, kwalba ko gwangwani?" Kai kuma ka ce, "Na harbo abin da ka yar bara, ga shi ya yi ƙiba." Ni ban taɓa zubar da shara a daji ba, kowa shaida ne, amma ban ga dalilin da zai sa babban mutum ya riƙa sunkuya wa ƙazantar wani ba.

Da a nan ka tsaya, da da sauƙi. Al'adarmu ce tun kakanni, duk inda mutum ya kayar da dabba sai ya soke kwanson harsashinsa a kan reshe, mai wucewa ya gani ya san hannu ya yi aiki a nan. Na kowa ja ne. Bindigar Baba tsohon yayi ce, harsashinta daban, kwansonsa shuɗi, ni kaɗai nake da irinsa a yankin. Da an bar su, da yanzu dajin nan ya yi shuɗi daga kogi har bakin titi, jikoki su bi su san waye Shaffick. Sai ka bi bayana kana cire su ɗaya bayan ɗaya kana jefawa a buhu. Na taɓa tare ka a kan hanya, raina a ɓace, na ce, "Haniff, sunana kake gogewa!" Ka ce, "Roba ce, ɗan Mamu. Ba ta ruɓewa." Ka wuce abinka.

Sai ga shekarar da Madam Lezama ta zo daga birni, ita da ƙungiyarta ta masu kare muhalli, da hotunan bakin kogi cike da kwalabe da mataccen kunkuru da leda a wuya. So suke a rufe dajin, a hana farauta kwata-kwata. Aka yi taro a ɗakin taron gari, jami'an gandun daji suna zaune. Ni na miƙe na yi magana, na kuma yi ta da zafi. Na ce mutanen da ba su san kukan aguti ba ba za su koya mana daji ba. Aka tafa mini. Sai ka miƙe a hankali ka ce, "Matar nan ba ta yi ƙarya ba. Mafarauta ne suka yi wannan, ko da ba 'yan sansaninmu ba ne. Madam, ke kina so dabba ta rayu don ta rayu. Ni ina so ta rayu don jikana ya samu abin bi da kare. Ba za mu taɓa zama ɗaya ba, amma kwalbar nan ta dame mu duka." Ba wanda ya tafa maka. Amma da aka tashi, wurinka jami'ai suka nufa, kuma a kan maganarka aka bar mana ɓangarenmu a buɗe, muddin ya zauna da tsabta. Ni da tafina na koma gida.

Ku biyun kun shekara da shekaru kuna musu. Ita ba ta daina cewa bindiga ba ta da wuri a daji ba, kai ba ka daina aika mata da koko da gayyatar cin naman da ka san ba za ta ci ba. Ranar jana'izarka ta zo da mayafin aro, ta tsaya can gefe tana share hawaye. Ni sau nawa muka haɗu da ita, har yau sai an tuna mata sunana.

Alherinka ba ya ƙirguwa, kuma ina faɗar haka ne da ɗaci a baki. Ranar da aladen daji ya farke cikin karen Boysie, kai ka saɓa shi a kafaɗa tun daga tsakiyar daji har titi, jini na bin bayanka, alhali mai karen ya riga ya haƙura. In ka raba nama, sai ka ware kason matan da mazansu mafarauta suka rasu kafin ka taɓa naka. In kare ya taso barewa mai ciki, sai ka busa a janye, ko da yini guda ba a samu komai ba, mu yi ta gunaguni kana jinmu. Ba ka taɓa shiga daji bayan an rufe farauta ba, kuma wanda ya shiga, ko ɗanka ne, ba ya sake zama a sansaninka. Karyata Melda, wadda na raina da hannuna tun idonta bai buɗe ba, in na kira ta sai ta ga dama, amma in ta ji ƙahonka ko tana kan sawu sai ta juyo.

Bayan addu'ar uku, mutane sun ragu, matarka Zorida ta kira ni bayan gida. Na san abin da nake fata, kuma na ji kunyar yin irin wannan fata a gidan makoki. Ta miƙo mini buhunka, wankakke, an ɗaure igiyar ƙahon a bakinsa tamau. Ta ce, "Ya daɗe da cewa in ya riga ka, in ba ka su a haɗe. Ya ce in ka nemi kwancewa, in karɓe duka biyun." Na ce, "Boji," haka muke kiran matar ɗan'uwa, "har a kabari ma sai ya ba ni aiki?" Ta yi murmushi, karon farko tun ranar Talata. Sai ta ce in zo in ga wani abu.

A rumfar da kake shanya koko akwai wata tsohuwar randa. Ta ɗaga murfin. Cike take da kwanson harsashi, shuɗi zalla, babu ja ko ɗaya. Ta ce, "Sauran shara duk juji yake kaiwa, naka kuwa nan yake zubawa. In baƙo ya zo sai ya kawo shi ya ce, dubi hannun ɗan Mamuna, ni ban taɓa harbi irin wannan ba. Kuma har ya mutu yana mita, wai Mamu bai yi masa adalci ba, kai ya ba ka bindiga, shi ya ba shi shara."

Na sake leƙa cikin randar nan. Ashe bindigar kake so, Haniff. Shekara da shekaru ni ina ta yawo da kishina a fuska, duk gari ya sani, kai kuwa ka rufe naka da murfi kana mini murmushi. Har a kishin ma ka fi ni iyawa.

Da na koma gida na rataya ƙahon a wuya, abin da na jira tun ina saurayi. Na tsaya a tsakar gida na busa. Melda ta ɗaga kai, ba ta dube ni ba, ta miƙe ta tafi bakin ƙofa ta zauna tana kallon hanyar gidanka.

Ranar ɗaya ga Oktoba za a buɗe farauta. Madam Lezama ta riga ta aiko tana tambaya wa ke riƙe da ƙaho yanzu, kuma ko maganar da aka yi tana nan. Na ce a gaya mata tana nan, sunansa Shaffick, ta rubuta kada ta manta. Zan shiga da buhu biyu. Bayana ba ya son sunkuyo, amma zai koya. In na kayar da dabba, a aljihuna zan sa kwanson. Ni ne kuma zan bar sansani a ƙarshe, tunda ka tafi ka bar ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zorida, da 'ya'yanka Nazeema da Imtiaz, da jikoki, da Boysie da sauran 'yan sansaninmu, da Madam Lezama wadda ta rasa abokin musu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Duk kwalbar da ka sunkuya ka ɗauke daga ƙasar Allah, Ya sa ka same ta a mizani da nauyi. Ya sa Aljanna ce makomarka, ina roƙon haka da zuciya ɗaya, ko da yake na san abin da hakan ke nufi: can ma ka riga ni.