Gishirin Yana Ƙasa

Likita ya ce ba zai yi wa Kaka aikin ƙugu ba sai jikinta ya yi ƙarfi. Ita kuwa duk abin da aka kawo sai ta kau da kai ta ce, "Na ƙoshi." Tun a gida haka take. Mun ɗauka da gaske ne, ashe jikoki take tura wa kwanon. Sai ranar da ta faɗi ta karye, muka ɗaga ta muka ji ba nauyi.

A ɗakin tsofaffi na asibitin na san matar da ake kira Mai Cokali. Ita ke turo keken abinci daga kicin. Gajera ce, kuma tun daga baranda ake jin dariyarta. Ta daɗe tana jinyar tsofaffi a gidajen mutane, ta yi aiki a gidan kula da tsofaffi, sannan ta zo nan. Ta ce mini ko'ina ta je ta tarar da "na ƙoshi". Wani haƙorinsa ne ke ciwo. Wani hannunsa ke rawa, yana kunyar ya zubar a gaban 'ya'yansa.

Da ta ga kwanon Kaka ba a taɓa ba, sai ta ja kujera ta zauna.

"Iya, an ce ke gwanar girki ce. Don Allah ɗanɗana mini gishirin miyar nan."

Kaka ta lasa, ta yamutsa fuska. "Wannan miya ce ko ruwan wanke-wanke?"

"Ai saman kika taɓa, Iya. Gishirin yana ƙasa."

Kaka ta nutsa cokali, ta sake nutsawa. "Ku gaya wa kukun nan ya nemi wata sana'a."

"Zan gaya masa. Kifin fa, ya dahu?"

Haka suka yi ta yi kullum, Kaka na zagin kuku, kwano na raguwa. Ni dai ina gefe ina miƙa ruwa.

Da makonni suka tura, likita ya sa ranar aiki, ya ce a wayi gari ba ci ba sha. Da safiyar ranar, Mai Cokali ta wuce gadonmu da kekenta, ta tsaya a na gaba. Kaka ta ɗago kai daga matashi.

"Ke 'yar nan! Ni ba mutum ba ce?"

"Umarnin likita ne, Iya."

"To a kira shi ya yi sauri. Yunwa nake ji."